Allura Talatin da Tara

Zuwa ga Anti Ni'mat,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da rubutun ya ba ki wahala. Sai da na haura shekara arba'in na fara riƙe biro, kuma kwana uku na yi ina rubuta wannan. Daga Umdurman nake, a Sudan. Mujallarku tana zuwa mana a hannun ɗaliban da ke karatu a Khartum, wani lokaci wata biyu bayan fitowarta, maƙwabciyata ce ke karɓo mini. Na ga kina amsa matsalar aure da ta rashin lafiya. Tawa ta kwamfuta ce, kada ki yi dariya. A dalilinta yau kwana ashirin da shida 'yata ba ta kwana a gida ba.

Ni tela ce, ina ɗinka kayan mata a tsakar gida. Iyayenmu aikin auduga suka yi a Jazira. Can aka haife ni, can na yi aure, can mahaifin yarana ya rasu. Na dawo birni da yara biyu, Haisam da ƙanwarsa Mawahib, tsakaninsu shekara tara. Da Haisam ya gama sakandare ya samu aiki a wani shago kusa da tasha, inda ake buga wa mutane takardu. A nan ya saba da ɗalibai 'yan Kano da Zinder, su suka koya masa rubuta Hausa da boko, don mu nan a baki kawai muke yin ta. Da mai shagon ya sauya kayan aiki, sai Haisam ya ɗauko tsohuwar kwamfuta ɗaya a cikin raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya shigo yana haki, ya ce Inna, makarantarki ta iso.

Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Awon mata da ƙullin tsumma nake riƙe shi: ƙulli na farko kafaɗa, na biyu ƙugu, na uku tsawo, kowace mace da launin tsummanta. Haisam ya ce abin kunya ne a ce duk layinmu babu wanda ya fi ni iya Hausa, amma in tsumma ya ɓata sai in aika a sake kiran mace. Da yake wuni yake yi a shago, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kwamfutar, darasi-darasi, ya nuna mini inda zan danna. In harafi ya fito a gilashi sai in ji shi yana cewa Inna, wannan sunanta ba, cikinta a gaba yake kamar na mai awon gero na bakin layi. Wannan kuwa sunanta da, ta juya baya tana fushi. A cikin wasu darussan ana jin Mawahib, tana 'yar shekara goma, tana shigowa tana neman sukari, yana korarta, tana dariya. Ya ce mini duk wannan yana zaune ne a cikin wani ƙarfe mai girman tafin hannu a cikin akwatin, shi ne rumbun kwamfuta. Yara suna da sunan da suke kiransa da shi, ni dai rumbu na riƙe.

A shekarar 2002 aka tare motar da yake ciki a bakin gada, aka sauke samari don hidimar soja ta dole. Bayan horo ya zo gida kwana uku, kansa a aske, ya rame. Maimakon ya huta sai ya zauna ya ƙarasa mini darussan, suka cika talatin da ɗaya. Daga nan aka kai su Kudu, inda ake yaƙi. Bayan wata bakwai wasu mutane suka zo suka kafa rumfa a ƙofar gida, suka ce Haisam ya yi shahada, ba makoki za a yi ba, biki ne, in yi guɗa. Na yi guɗar, Anti. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, kin san inda muke zaune. Ba su kawo gawa ba. Ba ni da kabarin da zan je in tsaya.

Tufafinsa duka mun bayar sadaka kafin arba'in, kamar yadda manya suka ce a yi. Kwamfutar ce kawai ta rage, don ba wanda ya san wa za a ba. A lokacin ina darasi na tara. Shekara huɗu na yi kafin in kai na ƙarshe, shi yana faɗa, ni ina rubutawa a bayan kwalin zare. Wato bayan rasuwarsa ne ya koya mini karatu. A darasi na ƙarshe ya ce Inna, in kin iso nan kin gama, saura ki rubuta wa wani wasiƙa, amma ba ni ba, ni na san labarinki kaf. Ban taɓa rubutawa ba. Wannan da ke hannunki ita ce ta farko.

Tun daga lokacin, kullum in na sha shayin safe, kafin in buɗe keken ɗinki, sai na kunna darasi ɗaya. Na haddace su, na san inda zai yi tari, na san inda mai jakin ruwa zai wuce yana buga garwa. Amma sai na ji.

Yanzu Mawahib tana jami'a, tana karatun zanen gine-gine, kuma da wannan kwamfutar take aiki. Kullum sai ta ce rumbun ya cika, sai ta goge aikinta na jiya kafin ta ajiye na yau. Ba ta taɓa goge na yayanta ko ɗaya ba. Shekara biyu tana roƙona in bari ta kwafi darussan ta ajiye a wani wuri, wai ƙarfen ya tsufa. Na ƙi. Ni a Jazira na tashi, na san ba a juye hatsi daga rumbu zuwa rumbu wani bai zube ba. Har rantsuwa na sa ta yi cewa ba za ta kwashe komai a bayan idona ba, kuma ta riƙe.

Watan jiya ƙanena Ilyasu, wanda ke tuƙi a Jidda, ya zo hutu. Ya kawo wa Mawahib sabon rumbu fil a ledarsa, ya ce zai ci na tsohon sau ashirin da biyar. Shi ya zaunar da ni ya lallashe ni har na yarda a sa sabon kusa da tsohon, a kwafi muryar a ciki. Bayan ya koma, wata Laraba da la'asar, Mawahib ta buɗe akwatin, ta zare wayar da ke jikin tsohon, ta fito da shi, ta jera su biyun a kan tebur. Girmansu ɗaya, amma bakinsu ba ɗaya ba ne. Tsohon bakinsa faɗi gare shi, da 'yan allurai a jere layi biyu, kuma wayarsa mai faɗi ce, ruwan toka, kamar ɗamara. Sabon bakinsa ɗan ƙarami ne, babu allura ko ɗaya. Ta duba cikin akwatin kaf, babu inda zai shiga. Ta ce kawu ya sayo na zamani, namu kuwa irin na da ne, mai allura arba'in. Ta shimfiɗa ƙyalle ta rufe su, ta ce gobe za ta tambayi wani malaminsu yadda ake yi. Ta ce Yumma, don Allah kada ki taɓa. In ta ce Yumma maimakon Inna, to da gaske take.

Anti, daga nan ne abin da ban gaya wa kowa ba.

Da safe ta tafi jami'a. Na sha shayi, na zauna gaban keke, na kasa taka shi. Shekara takwas ban taɓa fara aiki ban ji shi ba. Na ce a raina, ai na ga yadda ta zare wayar, mayarwa kawai zan yi in ji darasi ɗaya, in sake zarewa, wa zai sani? Ni da nake kwance keke in haɗa shi da hannuna. Na ɗauki tsohon rumbun na kai shi bakin wayar mai faɗi. Ta ƙi shiga. Na juya, na sake juyawa, har na manta yadda take da farko. Sai na yi abin da na saba yi wa duk ƙarfen da ya yi gardama: na ɗiga masa man keke, ɗigo biyu, a kan alluran. Na ɗora wayar na danna da gindin tafin hannu, da ƙarfina. Na ji wani abu ya ce ƙis.

Da na zare, allura biyu sun kwanta, ɗaya ta lume ciki ta gajarce. Na fita rana na ƙirga su da tsinken ɗinki. Talatin da tara. Na sake ƙirgawa sau biyar. Talatin da tara, kuma ga gurbi nan a tsakiyar layi, fili, babu komai. Na karya ta arba'in, ta faɗi. Na ɗauko maganaɗisun da nake tsince allurai da shi, na bi ƙasa da rarrafe. Na share ɗakin, na tankaɗe sharar da rariyar gari. Na kakkaɓe zanina. Ban gan ta ba. Wuta dai ban sa masa ba, don ina cikin kokawa da wayar aka ɗauke ta ranar. Na goge man da tsumma, na mayar da shi ƙarƙashin ƙyalle yadda yake.

Mawahib ta dawo da murna, ta ce malamin ya ce akwai dabara, amma bari ta mayar mini da tsohon tukuna don in ji darasina. Ta ɗaga ƙyalle ta ɗauke shi. Ta ga alluran. Ta kai shi kusa da fuskarta ta daɗe tana dubawa. Ta waiwaya wajen keke, ta dawo da idonta kansa. Sannan ta ce ni ce, Yumma, jiya da ƙarfi na fizgi wayar, ki yafe mini.

A nan ya kamata in buɗe baki. Wallahi maganar ta zo har kan harshena. Amma tsoro da baƙin ciki suka haɗu, kuma da na ji laifin ya samu wurin zama, sai na ƙara masa dutse. Na ce da ma na gaya miki ki bar shi. Na ce sau ɗaya aka ɗauke mini shi a bakin gada, ke kin zo kin ƙarasa. Haka na ce wa yarinyar da ta yi shekara biyu tana goge aikinta don kada ta taɓa na yayanta. Ta je ta wanke kwanukan da tuni na wanke.

Ranar Asabar ta kai shi wurin wani mai gyara a Khartum. Ko gwadawa bai yi ba. Ya juya shi ya yi dariya, ya ce wannan a gidan tarihi ya kamata a ajiye shi, ta sayi sabuwar kwamfuta ta huta. Ta dawo ta ajiye mini shi a kan keke. Washegari ta haɗa kayanta ta tafi Aljirif wurin yayata Barira, wai can ya fi kusa da jami'a. Shekara biyu tana zuwa jami'ar daga nan ba ta ce akwai nisa ba. Barira ta ce mini a waya yarinyar ba ta cin abinci, in ta dawo sai ta zauna bayan gida tana kallon hayaƙin masu gasa tubali a bakin kogi. Ta tambaye ni me ya haɗa mu, na ce ba komai. In na kira Mawahib tana ɗauka, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi ciwon ƙafata, shi ke nan. Da ma zagi ne da ya fi mini sauƙi.

Rumbun yana nan, na naɗe shi a ƙyalle na sa a gwangwanin allurai, tare da almakashi da maganaɗisun, don nan ne kawai wurin da ba na mantawa. Sabon kuma yana cikin ledarsa. Kullum da safe ina ƙoƙarin jin muryar a kaina. Rannan na nemi yadda yake faɗin darasi na sha huɗu, kalmomin suka zo, muryar ba ta zo ba, tawa na ji. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Anti, ki tambayar mini masu sani. Allurar da ta ɓata, da ita muryar ta tafi? Man da na ɗiga ya shiga ciki ya lalata? Akwai yadda za a yi baki mai faɗi da ƙaramin baki su fahimci juna, ko kyautar Ilyasu ta tashi a banza? Sannan ki gaya mini yadda uwa take duban 'yarta ta ce mata ƙarya na bari kika ɗauka. Ina tsoron in na faɗa ba za ta dawo ba ke nan. Ina kuma tsoron in ban faɗa ba ita ma na rasa ta, ita da take da rai. Kada ki sa sunana. Sunayen yarana dai na gaskiya ne, ban iya ƙirƙira ba.

Wata uwa tela,
Umdurman.

*

Wa alaikumus salam, Yaya.

Allah ya jiƙan Haisam, ya ba ki ladan haƙuri. Rubutunki bai ba ni wahala ba. Malaminki ya iya koyarwa.

Bari in fara da abin da zai sa ki ajiye rariya. Na kai takardarki wurin Malam Abdulganiyu, wanda ya fi shekara goma sha biyar yana gyaran kwamfuta. Ya jawo akwati ya ɗauko tsohon rumbu irin naki, lafiyayye, ya ce in ƙirga. Na ƙirga: talatin da tara, da gurbi a tsakiyar layi. Haka ake ƙera su. Sunan ne kawai arba'in. An bar gurbin da gangan, a jikin wayar kuma an toshe rami ɗaya daidai wurin, don kada a sa ta a juye. Ke a juye kika sa, ramin da ke toshe ya haɗu da allura, kika danna, ta lume. Babu allurar da ta faɗi a ɗakinki.

Kuma muryar ba a cikin alluran take ba. Tana kan wasu faya-fayai da ke rufe ruf a cikin ƙarfen. Alluran ƙofar rumbu ce, kuma ƙofa kika lanƙwasa. Mai haƙuri da hannu mai kyau yana miƙar da su ɗaya-ɗaya, ya jawo wadda ta lume. In wata ta karye a wurin miƙarwa, ana yi mata dalma ko a sauya bakin gaba ɗaya. Ɗigo biyu na man keke a waje ba abin tashin hankali ba ne, ana wanke shi da sifirit na gyara. Sa'arki ita ce ba a sa masa wuta ba tun ranar. Sai dai ba zan yi miki alkawari ba. Ƙarfen ya haura shekara goma yana juyawa, kuma irinsa yakan tsaya ba sallama. Malam Abdulganiyu ya ce fata ya fi tsoro yawa, amma tsoron yana nan.

Yau ɗin nan ki fitar da shi daga gwangwanin, ki raba shi da maganaɗisu da almakashi. Ki sa shi a wuri busasshe inda ba zai faɗi ba. Kada ki miƙar da komai da kanki, kada ki sa masa wuta, kada ki bari kowa ya kwance murfinsa. Wancan mai gyaran ciniki yake nema. Ku nemi wanda ke aikin dalma, irin dattawan da suka fara da rediyo da talabijin, ku gaya masa tun farko abin da ke ciki kuke so, ba ƙarfen ba, kuma ku zauna a yi a gabanku.

Irin bakin tsohon ana kiransa IDE, na sabon SATA. Ba su shiga juna ko da za a kwana ana dannawa, wayar wutarsu ma daban ce. Amma akwai adafta, 'yar mahaɗa, wadda gefenta ɗaya ke karɓar baki mai faɗi, ɗaya gefen kuma ya shiga USB na kowace kwamfuta. Da an miƙar da alluran, da ita za a haɗa tsohon da wata kwamfuta mai lafiya. In rubutu ya fito yana tambaya ko a yi fomat, amsar a'a ce, domin gogewa ke nan. Abu na farko da za a kwafa darussa talatin da ɗayan nan ne, kafin komai. A sa su wuri uku: a sabon rumbu, a filasha, a faifan sidi, ɗaya ya zauna gidan Barira.

Ki saki ranki game da kwafi. Ba juye hatsi ba ne. In wata ta kawo miki riga ta ce ki ɗinka mata irinta, kika ɗauki salon kika ɗinka, tsohuwar rigar ta ragu da zare ɗaya? To haka yake. Mawahib ce ke da gaskiya tun shekara biyu da suka wuce, ki warware mata rantsuwar nan da bakinki.

Kyautar Ilyasu ba ta tashi a banza ba. Akwai wata mahaɗar da ake maƙala wa sabon ya zauna cikin tsohuwar kwamfuta, amma kwamfutar zamanin taku sau da yawa ba ta iya ganin babban rumbu duka, sai wani yanki nasa, wata ma ta ƙi ganinsa sam. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sa shi a 'yar akwatinsa ta waje mai USB. Zai yi nawa a tsohuwar, amma zai yi aiki, kuma ranar da Mawahib ta samu wata kwamfutar sai ta tafi da shi. Ilyasu bai yi laifi ba, girma ya duba bai duba baki ba. Masu karatu, kafin ku yi wa tsohuwar kwamfuta sayayya, a buɗe a duba bakinta tukuna.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Ba zan kira ki muguwa ba. An hana ki kuka, an hana ki kabari, abu ɗaya aka bar miki, kuma hannunki ya kai gare shi don kewa, ba don ɓarna ba. Duk uwar da ta karanta ta gane wannan safiyar. Amma lanƙwasa allura kuskure ne, abin da kika faɗa da yamma kuwa zalunci ne, kuma kin sani, shi ya sa kika rubuto. Ki tuna ba ke kaɗai kika yi rashi ba. A cikin darussan nan akwai yarinya 'yar shekara goma tana dariya da yayanta. Ita ma abin da ya rage mata ke nan.

Akwai wani abu a takardarki da nake so ki sake karantawa. Kin ce ta kai ƙarfen kusa da fuskarta, ta waiwaya wajen keke, sannan ta ce ita ce. Yaya, yarinyar da ta tashi a gidan tela ba ta ɓata warin man keke. Ban kasance a ɗakin ba, ba zan rantse ba. Amma ina zaton ta sani tun a lokacin, ta ɗauki laifin don kada ki zauna da shi, ke kuma kika karɓa kika ɗora mata wani. In haka ne, ba tsoronki ya kai ta Aljirif ba. Jira take yi. In kuma ba ta sani ba, to fiye da kwana ashirin da shida ke nan tana ganin ita ta shafe muryar yayanta, kuma ke kaɗai ce za ki iya sauke mata wannan. Ko ta wace fuska, shirunki ne ke hana ta cin abinci.

Ki je wurinta kafin a je wurin mai gyara, ba bayansa ba. In kika jira aka samo muryar, za ta ɗauka don ya dawo ne kika huce. In kuma ba a samo ba, bakinki zai ƙara nauyi. Kada ki aika Barira, kada ki yi a waya. Ki hau mota ki ƙetare kogi. Ba lallai ta rungume ki a ranar ba, tana da haƙƙin yin fushi, ki bar mata shi. Kada ki ce mata ta dawo gida. Ki ce mata dai kina so ita ta riƙe rumbun a hanyar zuwa wurin gyara, don ta fi ki sanin yadda ake riƙe shi.

Kin ce ba ki san yadda za ki dube ta ki faɗa ba. Ai an riga an ba ki aikin a darasi na talatin da ɗaya. Ya ce ki rubuta wa wani, ba shi ba. Ni kin rubuto mini, na gode, amma ina ganin ba ni yake nufi ba. Ki rubuta ta biyu, ko layi biyar ne: ni ce na taɓa, ni ce na ɗiga man, na ji kin ɗauka na yi shiru, abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, ki yafe mini. Ki miƙa mata da hannunki, ki zauna kusa da ita har ta gama karantawa.

Allah ya sa a samo muryar Haisam. Ko ba a samo ba, ga ta nan a kowane harafi da kika aiko mini, duk harafin ba cikinsa a gaba, duk harafin da ya juya baya, ba ki kuskure ko ɗaya ba. Allah ya dawo miki da Mawahib teburin shayin safe, ya sanyaya zukatanku ku biyu. Ki gaishe mini da ita.

Taki,
Anti Ni'mat.